Busa daga Amurka, ganga daga Zariya: yadda kunnen Maska zai auna faifan Yusef Lateef

A watan Yulin 1983 wani dattijo Ba'amurke ɗan shekara 62 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Legas tare da wasu makaɗan Nijeriya. Babu fiyano a tafiyar, babu jita, babu babban gogen nan mai tsayin mutum da makaɗan jaz ke kira bas. Abin da ke hannunsa saksafon ne da sarewa iri-iri. Abin da ke hannun abokan tafiyarsa ganguna ne da kayan kaɗawa da muryoyinsu. Sunan dattijon Yusef Lateef, kuma a wancan lokaci ma'aikaci ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Abin da suka ɗauka ya fito a Amurka a 1985, a faifai mai suna Yusef Lateef in Nigeria, wanda kamfanin Landmark na Orrin Keepnews ya buga.

Faifan nan ya shafi ƙasar Maska fiye da yadda mutanenta suka sani. A shekarar da aka ɗauke shi, Funtuwa da Maska da Malumfashi suna jiha ɗaya da Zariya, wato tsohuwar Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen faifan sunansa "Drama Village", sunan dandalin wasan kwaikwayon nan na ginin ƙasa da ke cikin jami'ar a Samaru. Daga wannan jami'a ne malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo suka kai aikin wasan al'umma Maska a 1979, bayan wanda suka yi da manoman Soba a 1977. Duk da wannan kusanci, da wuya ka sami majalisa a Funtuwa da aka taɓa kunna faifan.

Da za a kunna shi yau, maganar farko da za a ji ita ce, "Wannan kuma wane irin kiɗa ne?" Wani ma zai ce hayaniya ce kawai. Hujjar wannan rahoto ita ce kunnen da ya tashi da kalangu da amshi da algaita yana da ma'aunin da ake bukata domin yi wa irin wannan kiɗa hukunci, kuma ma'aunin ya isa a auna kiɗan da ma yadda aka ɗauki sautinsa.

Baƙon da ya zo koyo

An haifi Lateef ranar 9 ga Oktoba, 1920 a Chattanooga ta Jihar Tennessee, ya girma a Detroit, birnin masana'antar mota da ya fitar da manyan makaɗa baƙar fata. Sunansa na yanka William Huddleston. Ya ɗauki sunan Yusef Abdul Lateef a wajajen 1950. Ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, ya yi aiki da Charles Mingus, sannan ya zauna a ƙungiyar Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Tun kafin ya tako Nijeriya ya riga ya saba da kayan busa masu bakin kara irin na algaita, kamar obo na Turawa da shanai na Indiya, kuma faifansa na 1961 mai suna Eastern Sounds ya shahara saboda haka. A 1975 ya sami digirin dakta a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts.

Shekara 4 ya yi a Zariya, daga 1981 zuwa 1985. Ya koyar, ya yi aiki da makaɗan cibiyar, ya kuma duƙufa kan nazarin sarewar Fulani makiyaya. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa wanda aka buga a Legas a 1987. Akwai kuma wani faifan mai suna Hikima da ya fito a 1983 da sunan cibiyar, wanda ya ɓace daga kasuwa har sai da wani ƙaramin kamfani a ƙasar waje ya sake buga shi bayan fiye da shekara 30. Da ya koma gida ya ci kyautar Grammy da faifan Little Symphony na 1987. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013 yana da shekara 93. Duk tsawon rayuwarsa bai yarda a kira kiɗansa jaz ba, amma a rumbun jaz masu sayar da faifai suke ajiye shi, kuma da ma'aunin jaz masu sharhi suke auna shi.

Faifan da ya raba kan alƙalai

Kafin a yi wa faifan Zariya hukunci, sai an san rigimar da ya gada. A jaz na da, akwai jerin dunƙulen sautuka da fiyano ke shimfiɗawa, suna zagayowa bayan wani adadin gaɓoɓin kiɗa, galibi 12 ko 32. Mabushi yana da 'yancin ƙirƙira nan take, amma tilas ya bi wannan shimfiɗa. A ƙarshen shekarun 1950 wani mabushi daga Fort Worth ta Texas, Ornette Coleman, ya fitar da fiyano daga ƙungiyarsa, ya ce karin da ke zuwa bakin mabushi shi zai ja ragama, sauran su biyo da kunne.

Ranar 21 ga Disamba, 1960 Coleman ya tara mutum 8 a wani situdiyo a New York, ya raba su gida biyu. A lasifikar hagu aka sa shi da Don Cherry mai ƙaramar begila, da Scott LaFaro mai bas, da Billy Higgins mai ganguna. A ta dama aka sa mabusa Eric Dolphy da Freddie Hubbard, da Charlie Haden mai bas, da Ed Blackwell mai ganguna. Suka yi kiɗa ɗaya na minti 37 ba tsayawa. Ɗan abin da aka rubuta gajerun kira ne da ke raba zango da zango. Duk sauran a wurin aka haife shi. Kamfanin Atlantic ya fitar da faifan a 1961 da sunan Free Jazz, sunan da daga baya ya zama na salon gaba ɗaya.

Mujallar DownBeat, wadda ke ba faifai tauraro daga 1 zuwa 5, ta ba mutum biyu sharhinsa a farkon 1962. Pete Welding ya ba shi 5 cif. John Tynan bai ba shi ko ɗaya ba. Faifai ɗaya, mujalla ɗaya, shafi ɗaya. Wanda ya hana tauraro yana neman tsohuwar shimfiɗa ne bai same ta ba, ya ɗauka babu tsari. Wanda ya bayar ya saurari yadda mutum 8 ke jin juna. Darasin da ke nan shi ne, hukunci yana bin tambayar da mai saurare ya zo da ita.

Tambayoyi huɗu da muka gada

Mutumin Funtuwa ba baƙo ba ne ga ƙirƙira nan take. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya zauna a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, an san shi da tsara waƙa a gaban jama'a ba tare da ya zauna ya shirya ta ba. Masu saurarensa ba su taɓa cewa hayaniya ce ba, domin sun san inda za su sa kunne. Idan aka baje abin da suke yi ba tare da sun ambata ba, tambayoyi huɗu ne.

Ta farko: wa ya yi kira, wa ya amsa? A wajen Shata, shi ke jefa magana, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya cika gurbin da ke tsakani. Idan amshi ya makara ko ya riga, kowa zai ji. A Free Jazz ma haka abin yake. Lokacin da Dolphy ke jan zangonsa, sauran mabusa uku ba shiru suke yi ba, suna tsoma baki, wani ya maimaita ƙarshen abin da ya faɗa, wani ya tsokane shi. Faifan sakakken jaz da ba shi da daraja shi ne wanda kowa ke magana babu mai jin wani. Mai daraja kuwa, za ka iya bin zance daga baki zuwa baki.

Ta biyu: ina gindin kiɗan? A rukunin kalangu akwai wanda aikinsa riƙo ne. Kuntuku ba ya yawo, yana nan a kan bugunsa, shi ya sa babban kalangu ke samun damar fita ya dawo. Kiɗan da ba shi da mai riƙo ba ya zama. A faifan Coleman, ganguna biyu da bas biyu ne ke riƙo, kuma bugun bai yanke ba kusan duk tsawon kiɗan, wani makaɗin yana tafiya a taku ɗaya, ɗayan yana ninka shi. Abin ya yi kama da gayya a gonar dawa: kowa da kunyarsa, kowa da saurin hannunsa, amma gangar noma ɗaya ce ke kora su, kuma a bakin gona ɗaya za su tsaya.

Ta uku: abin busan yana da murya? Masu koyar da kiɗan Turai sun daɗe suna neman sauti mai santsi. Mu kuwa da gangan muke ƙara wa kiɗa kaushi. Ana ɗaura zare a fuskar ganga domin ta riƙa zuza, ana rataya 'yan ƙarafa a wuyan garaya domin su yi karkarwa. Mai algaita yana cika kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana busawa a lokaci guda, sautin ya fito da kaifi ba yankewa. Saboda haka idan mabushin saksafon ya sa abin busansa ya yi kuka ko gurnani ko shessheka, kunnenmu ba zai ɗauke shi kuskure ba. Abin da zai tambaya shi ne, kukan na gaske ne, ko burga ce?

Ta huɗu: ya san inda zai sauka? Mawaƙi yana iya yin nisa da zance, ya shiga habaici, ya ratsa ta kirari, amma gwani yana dawowa kan amshi daidai lokacin da jama'a suka fara jiransa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba shi da ɗan amshi ko ɗaya, amma bai taɓa ɓata hanyar komowa ba. Wanda ya fita bai san hanyar gida ba, tsawon kiɗansa nauyi ne a kan mai saurare.

Faifan Zariya a kan sikeli

Idan aka ɗora faifan Lateef a kan waɗannan tambayoyi, abu na farko da zai ci maki a kai shi ne shawarar barin fiyano da bas. Yawancin mabusan Amurka da suka yi sha'awar Afirka sun kawo ganga ne su ƙara a kan ƙungiyar da suka saba da ita, ganga ta zama ado. John Coltrane, aminin Lateef, ya yi faifan Africa/Brass a 1961 ba tare da ya taka nahiyar ba. Lateef ya juya lamarin. Ya bar kayan gidansu a gida, ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar ganguna. Duk abin da zai dogara da shi a ƙarƙashinsa fata ce da itace da hannun mutanen Nijeriya. Wannan tawali'u ne, kuma a cikin kiɗan ake jin sa.

Ta fuskar murya ma ba a magana. Saksafon ɗin Lateef yana da kauri da nauyi irin na mabusan Detroit, kuma ko da ya yi nisa, gishirin kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka ba ya barin bakinsa. "Blues in the Adaji" shi ne wurin da aka fi jin haka. A kan sarewa kuwa wani mutum yake komawa, mai haƙuri, mai barin sarari tsakanin jimla da jimla. Sunayen kaɗe-kaɗen suna nuna faɗin tunaninsa: akwai "Ruwa Maizurufi" da ya ɗauko daga Hausa, akwai "Mu Omi" daga Yarabanci, akwai "Curved Spacetime" daga ilimin kimiyyar sararin samaniya. Faifan guntaye ne da yawa, ba dogon kiɗa ɗaya irin na Coleman ba, don haka matsalar sauka ba ta cika tasowa ba.

Inda faifan ya gaza kai wa matuƙa shi ne tambaya ta farko. A ƙasar Hausa ganga tana magana. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya saki, sautin ya hau ya sauka yadda karin harshe ke yi, har mai saurare ya ji take ya gane wanda ake kira. Mahauci ya san takensa, ɗan dambe ya san nasa, manomi ya san nasa. A faifan Lateef, rabon aiki ya fi karkata ga baƙo ya yi jawabi, 'yan gida su riƙe masa ƙasa. Riƙon yana da kyau, amma kunnen da ya saba da gangar da ke katse mawaƙi ta mayar masa da magana zai so a ce an ba makaɗan fili sun ja, shi kuma ya amsa. Sunansa ne kaɗai a goshin faifan, kuma tsarin kiɗan ya bi wannan.

Abin da makirfo ke kamawa da abin da yake zubarwa

Darajar kiɗa daban, darajar ɗauka daban, kuma mai sharhi na gari ba ya gauraya su. Muna da shaida a gida. Tsofaffin ɗaukar Ibrahim Narambaɗa cike suke da shuu da ƙarar tsufa, kotson ma a dushe yake fitowa, amma babu mai hankalin da zai ce waƙar ta ragu. A Amurka ma akwai irin wannan. Ranar 10 ga Yuli, 1964 wani mabushi, Albert Ayler, ya shiga wani ƙaramin situdiyo a New York da Gary Peacock da Sunny Murray. Mai kamfanin faifai na ESP, Bernard Stollman, ya zaci za a ɗauka a sitiriyo, sai aka tarar injiniya ya ɗauka a mono, duk sautin a rami ɗaya. Faifan, Spiritual Unity, bai wuce rabin awa ba, kuma har yau yana cikin ginshiƙan wannan salo.

Amma akwai faifan da ɗaukar ke cikin ma'anarsa. Injiniya Tom Dowd da ya ɗauki Free Jazz ya yi amfani da lasifika biyu domin ya warware wa kunne mutum 8. Ba don ya raba su hagu da dama ba, da ganguna biyu sun cakuɗe, bas biyu sun zama gunji ɗaya. Wanda ya saurari faifan ta lasifika ɗaya sannan ya ce bai ji tsari ba, rabin shaidar aka ɓoye masa. Har ila yau, faifan roba na wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da minti 20 da 'yan kai a fuska ɗaya, don haka dole aka yanke kiɗan biyu, mai saurare ya tashi ya juya faifai a tsakiyar zance. Sai zuwan faifan CD aka ji shi a ɗinke.

Kayan kiɗanmu suna da wahalar ɗauka ta musamman. Bugun gula a kan kalangu yana da ƙarfi da kaifi, amma maganar tana cikin jelar sautin, wato hawa da saukar da ke biyo bayan bugu, kuma wannan jela ba ta da ƙarfi. Idan aka kusanto da makirfo sosai, ƙarar gula za ta danne magana. Idan aka nisanta, amon ɗaki zai haɗiye ta. Algaita da kakaki don fili aka yi su, don ƙofar fada da hawan salla, a cikin ɗaki rufaffe sukan cika kunne su rufe kowa. Sarewa kuwa abin daji ce, muryarta siririya, rabinta numfashi. A zahiri, idan mai sarewa ya tsaya kusa da ganguna uku, ba za a ji shi ba.

Wannan ita ce matsalar da injiniyan Legas ya fuskanta a 1983, kuma mafitar duk situdiyo ɗaya ce: a ba sarewa makirfonta, a ɗaga ta har ta yi kafaɗa da ganga. Ribar ita ce mai saurare yana jin abin da ba zai taɓa ji a dandali ba, har shigar numfashi da motsin yatsa. Hasarar ita ce fili ya tafi. Babu nisan da ke tausasa ganga, babu jama'a, babu guɗa, babu mai liƙi da zai sa makaɗi ya ƙara wuta. Masu bincike irin su David Ames, wanda ya ɗauki kiɗan Zazzau a shekarun 1960, da Anthony King da ya yi aiki a kan kiɗan fadar Katsina, sun bi kiɗa inda yake zaune, suka sami fili amma ba su da ikon daidaita kowace murya. Lateef ya zaɓi ɗaya hanyar. Faifansa aikin ɗaki ne, kuma da ma'aunin ɗaki ya kamata a auna shi.

Abin da za a duba a irin wannan ɗauka abu huɗu ne. Shin ana iya ƙirga gangunan da kunne, a ce ga wannan ga wancan? Shin ana jin cikin ganga, wato zurfin da ke bugun ƙirji, ko fatar kawai ake ji? Shin idan makaɗa sun sassauta sautin yana sauka da gaske, idan sun ƙara wuta yana tashi, ko an matse komai ya zama tsayi ɗaya? Sannan, shin abin busa yana cikin ɗaki ɗaya da ganguna, ko kamar an manna shi a kansu? Tun da babu bas a faifan Lateef, duk nauyin ƙasa yana kan ganguna, saboda haka tambaya ta biyu ita ce mafi muhimmanci a gare shi.

Waya, memori da ƙaramar lasifika

A nan ne lamarin ya dawo kan yadda muke saurare a yau. A tashar Funtuwa ko kasuwar Malumfashi, kiɗa yana shiga waya ne ta hannun masu tura waƙoƙi a memori, ko ta WhatsApp daga aboki zuwa aboki. Faifan CD yana ɗauke da bayanin sauti kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 da aka fi yawo da shi yana da 128, wato kusan kashi 1 cikin 11. Dabarar matsewar tana zubar da abin da ake zaton kunne ba zai lura da shi ba, kuma abin da ya fi wahala a hannunta shi ne sauti mai kaifi da zuza, irin na kuge da gora da zaren ganga. Duk lokacin da aka sake matse wanda aka riga aka matse, sai an ƙara zubar da wani abu.

Sai kuma lasifikar waya. Tsirkiya mafi kauri a jikin bas tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, ko kusa. Ƙananan lasifikun da ake haɗawa da waya ba igiya, da yawansu baki ɗaya gare su, suna haɗe hagu da dama. Waƙoƙin fim da ake haɗawa da fiyanon lantarki a situdiyon Kano da Kaduna suna jure wannan, domin murya ce a gaba kuma masu haɗa su sun san a waya za a ji su. Faifan Coleman ko na Lateef ba sa jurewa. A waya, na farko zai rasa rabuwarsa, na biyu zai rasa cikin gangunansa, a bar mutum da busa tana shawagi ba ƙasa.

Maganin ba shi da tsada. Abin sawa a kunne mai baki biyu, ko tsohuwar rediyo mai kaset da lasifika biyu irin wadda har yanzu ake samu a shagunan masu gyara, ya fi lasifikar waya nesa ba kusa ba. A nemi kwafin da ba a matse shi da yawa ba. A saurara sau uku: na farko a bi ganga kawai, na biyu a bi busa, na uku a saurari abin da ke gudana tsakaninsu. Wanda ya yi haka sannan ya ce bai so ba, ya yi hukunci da hujja, kuma ra'ayinsa abin girmamawa ne.

Hukunci, da aikin da ya rage mana

Yusef Lateef in Nigeria bai girgiza duniyar jaz yadda Free Jazz ko Spiritual Unity suka yi ba, kuma bai zo da niyyar haka ba. Faifai ne na gwanin da ya haura 60 ya koma ɗalibi. Ta fuskar murya da gindi da sanin sauka, ya cika mudu. Ta fuskar kira da amsa, ya tsaya a rabin hanya, domin gangar ba ta sami bakin magana yadda muka san tana iyawa ba. Ta fuskar ɗauka, ya sayar da fili ya sayi kusanci, kuma cinikin yana biya ne kawai ga wanda ya saurara da kayan da ke fitar da zurfin ganga.

Rabin hanyar da ya rage namu ne. Makaɗan da suka riƙe wa Lateef ƙasa 'yan ƙasar nan ne, ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello ta tattara tarihinsu, ta kuma mayar da wannan faifai da Hikima inda ɗalibai da makaɗa za su ji su. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya fara aiki tun 1962, ya ɗauki manyan makaɗan Arewa shekara da shekaru, kuma zaren kaset ba ya jiran kowa, yana lalacewa da zafi da laima. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina tana da hurumin shiga wannan aiki.

A ƙauyukan Maska da Bakori da Ɗanja da Malumfashi har yanzu akwai masu gangar noma da masu kalangu da masu sarewa, kuma yawancin abin da ake ɗauka nasu da waya ake ɗauka a tsakiyar biki. Matasan da ke da situdiyo a Funtuwa suna da kwamfuta da makirfon da ya isa wannan aiki. Abin da ake bukata shi ne su fita da makirfo biyu zuwa inda kiɗan yake, su gwada nisa har jelar kalangu ta fito, su ajiye ɗaukar ba tare da matsewa ba, su rubuta sunan kowane makaɗi da garinsu da ranar ɗauka. Idan wani mabushi ya sake zuwa, daga Detroit ko daga Samaru, sai ya tarar da makaɗan da ke da faifansu da sunansu, waɗanda za su ja shi kuma ya amsa.